Ramin da ke kan kaset: amsa a kan waƙar "Memwar ta cika"

Tambaya

Baba Malam, barka da war haka. Ni ɗaliba ce a Yamai, 'yar asalin Tawa. A wani daren slam, wato waƙar da ake faɗa da baki a gaban taro, na ji wani saurayi ya gabatar da waƙarsa mai suna "Memwar ta cika". Na ɗauke ta a salula, daga baya na kwafe ta:

Baba ya tahi biɗa, ya bar mu da rani,
muryarshi ta dawo cikin aljihun wani.
Kaset guda, an naɗe ta cikin ƙyalle,
Inna ta share tsakar gida, ta sa lalle.
Pil ya yi sanyi, Baba ya tsufa gabanmu,
muka shanya pil a rana, ya koma yaro dominmu.
Ina ɗan sha biyu na gano ramin da ke kanta,
na toshe shi da takarda, na danna ja, na manta.

A nan ya yi shiru, har muka zaci baitin ya ɓace masa. Sannan ya ci gaba:

Waƙar yayi ta hau kan Baba ta zauna,
abin da ya saura, "ku gaishe min da…", ba suna.
Muna da rezo, ba mu da zumunci,
lamba dubu a aljihu, ba mai mutunci.
Yau Inna na aiko vokal, minti bakwai,
ina sa ta gudu biyu, ina shan shayi da ƙwai.
Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina rana,
na tsallake su duka, ina jiran ta kai ga magana.
Salula ta ce memwar ta cika, mi za a share?
Yatsana na bisa. Shi ne dai na wancan dare.

Ƙawata ta ce zagin zamani ne kawai, irin na tsofaffi, a bakin yaro. Ni na ce marsiyya ce ya yi wa mahaifinsa. Wa ta fi gaskiya? Wane rami ne ya toshe? Me ya sa ya yi shirun nan? Kuma abin da ba kiɗa ba rerawa, waƙa ce kuwa?

Amsa

Ɗiyata, barka kadai, Allah ya yi miki albarka. Na karanta baitocin nan sau uku. Na ukun da murya na yi shi, a tsakar gida, har mai ɗakina ta leƙo tana tambayar da wa nake faɗa. Abin da aka tsara don kunne, in ya zo a takarda rabinsa ne ya zo, saboda haka ke da kika ji daga bakin mai ita kin fi ni riba.

Da ke da ƙawarki kowacce ta kama wani wuri a jikin igiyar, amma ba wadda ta kama kanta. Kan igiyar yana cikin ramin nan da ba ki gane ba. Ba laifinki ba ne, kin yi wayo kaset ta riga ta bar kasuwa.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963. A gefenta na sama, kishiyar gefen da zaren ke leƙowa, akwai 'yan harsuna biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa, kowace fuska da nata. Muddin harshen na nan, rakoda za ta ɗauki sabon abu a kan tsoho. In mutum ya ɗauki abin da ba ya son rasawa, sai ya sa ƙusa ya karya harshen, wurin ya zama ɗan rami. Daga nan ko da ƙafa ka hau jan maɓallin nan ba zai dannu ba, don akwai ɗan ƙarfe a cikin rakoda mai laluben wurin, in ya faɗa rami sai ya kulle maɓallin. Makulli ke nan. Mabuɗinsa kuwa ba yaron zamanin da bai sani ba: a dunƙule takarda a cusa a ramin, ko a manna salatif a kai, rakoda ta zaci harshen na nan.

To koma ki karanta baitin. Tunda akwai rami, akwai wanda ya karya harshen, ko Baba kafin ya aiko, ko Inna bayan an saurara. Wani ya ce wannan murya kada a taɓa ta. Yaron ya gano ramin, ya nemo takarda, ya dunƙule, ya cusa, ya danna. Aiki biyar a jere, ba ko ɗaya da ake yi bisa kuskure. Sai ya rufe da "na manta". Me ya manta? Wanda ya toshe rami da hannunsa ya san kaset ɗin wa ce. "Na manta" ita ce amsar da yaro ke ba uwarsa in an kama shi, kuma ita ce ya girma yana ba kansa. Ya ɗora ta a ƙarshen ɗango, inda murya ke sauka, don mu ji yadda ba ta da nauyi. Shi ya sa ni a wurina waƙar nan amsa laifi ce. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan yaro ya duƙa ne yana kallon wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Akwai abu na biyu da sai wanda ya taɓa buɗe cikin rakoda zai lura. Zaren yana fara bi ta kan wani kai mai sharewa kafin ya isa ga mai ɗauka. In an danna ja, na farkon na wanke abin da ke kai, na biyun na zuba sabo. Da ya ce waƙar yayi ta hau kan Baba ta zauna, sassauta wa kansa ya yi, kamar in an ɗaga ta za a tarar da Baba a ƙasa. Ba kowa a ƙasan. Sannan dubi inda maganar ta yanke: sunan ne ya tafi, "ku gaishe min da" ta tsira. Ke nan sabon ɗaukan ya fara ne daidai wurin, abin da ya gabace shi kaɗai ya rage. Duk kuwa wanda ya taɓa jin kaset ɗin ɗan biɗa, wato mai cin rani, ya san da me ake buɗe ta. Sallama, sai gaisuwa, sai jerin sunaye, mutanen gida, maƙwabta, liman, mai gari, kafin a zo kan kuɗin da aka aiko da wanda za a ba nawa. Abin da ya rage wa yaron na ubansa duka gaisuwa ce, ba magana.

Yanzu sauka ƙasa ki ga me yake tsallakewa a vokal ɗin uwarsa, wato saƙon muryarta. Gaisuwa, yana jiran magana. A nan waƙar take kwance. Ta wajen uba an bar masa rabin gaisuwa, ya shekara da shekaru yana juya ta a zuci yana neman suna guda. Ta wajen uwa gaisuwa na zuwa masa cikakkiya, kullum, kyauta, yana ture ta da yatsa. Bai faɗi haka ba ko sau ɗaya. Ya jera su ne nesa da juna, ya bar mai kunne ya haɗa.

Ni na yi zamanin nan. Yayana ya yi shekaru a Abijan, ni ne kuma ɗan lakkwal, wato ɗan boko, na gidanmu, don haka ni ke riƙe rakoda in kaset ta iso. In muryarsa ta ce, "Inna, ina kwana, ina gajiya", mahaifiyarmu sai ta gyara zama ta amsa da ƙarfi, "Lahiya lau, ba gajiya", tana fuskantar akwatin. Mu yara mu yi ta ƙunshe dariya. In ya shiga zancen kuɗi sai ta miƙe ta koma bakin murhu, ta bar wa maza, ta riga ta karɓi rabonta. Daga numfashinsa cikin gaisuwar take gane ko yana ci yana ƙoshi, ko mura ta kama shi, ko da abin da yake ɓoyewa. Ga tsohuwa gaisuwar ita ce maganar. Ban kuma ce a yanke wa yaran yau hukunci ba. Da yawansu suna hanzarin kaiwa ƙarshe ne don sun san abin da ke jiransu can, ko batun kuɗi ko an yi rasuwa, gara a ji a huta.

Ke 'yar Tawa ce, ba sai na gaya miki mene ne biɗa ba. A Adar, daga Illela har Buza da Keita, da an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, samari sai su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Kamaru ko Libiya. Wani ya dawo da ruwan shuka, wani ya shekara biyar. "Ya bar mu da rani" lokacin tafiyar ne, kuma halin da aka bar gidan ne. Kafin kaset sai wasiƙa, wadda ke buƙatar mai rubutawa can da mai karantawa nan, malami da ajaminsa ko ɗan lakkwal, asirin gida ya bi ta baki biyu kafin ya isa. Kaset ta sallami su biyun. Wanda bai yi karatu ba ya zauna ya yi magana da bakinsa, kaset ƙirar C60 rabin awa kowace fuska. Amma ba ta sallami ɗan aike ba. Daga Abijan jirgin ƙasa zuwa Wagadugu, mota zuwa Yamai, a bi Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kafin a karkata arewa, kilomita sama da 500 daga Yamai kaɗai, duk muryar na kwance a aljihun mutum. In ya iso a ba shi ruwa, a saurari kaset, sannan tsofaffi su ja shi gefe: "To kai da ka gan shi da idonka, ƙaƙa yake?" Don a kaset ɗan biɗa kullum lahiya lau yake, ko yunwa na cinsa. Salula ta fara bazuwa a Nijar daga 2001, WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, murya ta koma zuwa kafin ƙiftawar ido, amma ba ta zuwa da shaida. "Wani" ɗin nan na ɗango na biyu, wanda ko suna ba a ba shi ba, shi ne mutumin da ya ɓace daga labarin.

Ɗangon da ya fi kowane kama ni shi ne na lalle. Mace ba ta sa lalle don akwati. Shirin tarbar maigida ta yi, shara da ado, abin da ya iso kuwa murya ce mara ido. Ki bincika waƙar daga sama har ƙasa, ba za ki ga kalmar kewa ko bege ba, alhali ba abin da ke cikinta sai su. Kuma ba abu ɗaya ba ne. Kewa gurbi ce, wurin da mutum ya tashi ya bari. Bege kuwa zuciya ce a miƙe wajen wanda ba ya nan, tana sa ran haɗuwa. Shi ya sa masu yabon Annabi ke kiran waƙoƙinsu bege, ko da yake idonsu bai taɓa ganinsa ba. Inna bege take yi, lallen ne shaidarta. Yaron kewa yake, don shi ya san abin da ya share ba ya dawowa.

Tunda na ambaci shara, riƙe wannan ma. Kalmar "share" sau biyu ta zo, a farko da ƙarshe. Yana iya cewa "goge" a na ƙarshen, bai ce ba, kuma ba don amsa-amo kaɗai ba. Inna ta share tsakar gida don a sami wurin baƙo. Salula na so a share don a sami wuri. Duka biyun yi wa sabo wuri ne, sai dai a na biyun Inna ce sharar.

Batun pil, wato batir, wasa ne da gaskiya a ciki. In pil ya yi rauni injin rakoda na rage gudu, murya ta ja ta yi kauri, saurayi ya koma magana kamar ɗan tamanin. In aka shanya pil a rana zafin kan ɗan farfaɗo da shi na 'yan mintoci. Mu har cizonsa mun yi. Mawaƙin ya mayar da wannan abin dariya wani abu daban: yaran sun ga tsufan ubansu a rakoda, tsufan da ba za su gani a tsakar gida ba. Aje wannan kusa da "gudu biyu". A 2021 WhatsApp ya ba mai saurare damar ƙara wa murya gudu, ɗaya da rabi ko biyu. A da, raunin na'ura ne ke ɓata murya, gida duka ya tashi yana neman gyara ta. Yanzu na'ura lafiyarta ƙalau, ɗan ne ke ɓata muryar da gangan. Abin da ya fi ciwo, wanda bai faɗa ba amma duk mai salula ya sani, alamar da ke jikin saƙon za ta koma shuɗiya a wajen Inna, ta ce ɗanta ya saurara. Salular ma rufa masa asiri take yi. "Shayi da ƙwai" kuwa tarko ne. Na tabbata an yi dariya a wurin, kowa ya ga kansa a bencin mai shayi da salula a kunne, sai ɗango na gaba ya tarar da baki a buɗe.

To ƙawarki. Na san inda ta samo hujjarta, baitin nan ne na rezo, wato sabis ɗin salula, da zumunci. Amma ki ce mata ta ƙirga masu aikata aiki a waƙar. Na gano, na toshe, na danna, ina sa ta, na tsallake. Na'ura me ta yi? Pil ya yi sanyi, salula ta yi tambaya. Shi ke nan. Mai zagin zamani yakan ce da can an ji daɗi, yanzu an lalace. Wannan kuwa cewa ya yi ɓarnar tun zamanin kaset aka yi ta, kuma "shi ne dai" yatsan. In da zagin salula yake so, da bai tona wa kansa asirin takarda ba.

Baitin rezo da zumunci, in gaya miki gaskiya, shi ne mafi rauni a waƙar, ko da yake zan iya rantsuwa shi aka fi yi wa tafi. Ba fadar shan shayin da ba a faɗi irinsa ba. Za ki iya ɗauke shi ki dasa a kowace waƙa ya zauna, abin da ya zauna ko'ina kuwa ba na nan ba ne. A nan kaɗai "ni" ta koma "mu", mawaƙi ya shige cikin taro ya ɓuya. Uzuri ɗaya nake iya ba shi: baitin ya zo ne dab da bayan "ba suna", wurin da ya fi zafi, kuma haka mutum yake, in ya faɗi abin kunya sai ya ruga zuwa wa'azi don ya sha iska. In da gangan ya yi, ya san hali. Amma in ɗalibina ne zan ce ya gwada ta rana ɗaya ba baitin, ya ga ko ta rasa wani abu.

Ke kuma kada ki kashe Baba, waƙar ba ta kashe shi ba. Marsiyya tana da alamunta a adabinmu: a ambaci mamaci, a faɗi halayensa na gari, a roƙa masa gafara da Aljanna. Ba ko ɗaya a nan, ko "Allah ya jiƙansa" babu, kuma Bahaushe ba ya ambatar ubansa da ya rasu ya tsallake wannan. Cewa kawai aka yi ya tahi. Ke kin san gidaje a Adar da aka yi irin wannan: ba labarin rasuwa, ba labarin rai. In mutuwa ce, a yi zaman makoki, mace ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, rayuwa ta ci gaba. Wanda ya ɓace kuwa, a mazhabar Malikiyya sai matarsa ta kai ƙara ga alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda, mata da yawa kuma ba sa kai ƙarar, jira suke yi. Wannan jiran ya fi dacewa da waƙar da maganar ubanta ta yanke a tsakiyar jimla. Ban ce haka aka yi ba. Cewa na yi mawaƙin ya bar ƙofar a buɗe, kada mai sharhi ya rufe ta.

Mai kaifin kai zai ce, ai gidan duka sun sha jin kaset ɗin kafin a share, ƙaƙa bai san sunan ba? Tambaya ce mai kyau. Yaro ɗan sha biyu ba ya haddace abin da ya san yana nan a ajiye, gobe ma sai a kunna. Inna ta sani, amma tambayarta tone tsohon miki ne. Kuma ina jin ba sanin sunan yake nema ba, so yake ya ji nasa a bakin ubansa. In ma ɗan fari ne, kin san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, sai dai ya kewaya, to ƙila sunan bai taɓa kasancewa a zaren ba. Wannan ki ajiye shi gefe, kada ki ɗora gini a kai, don waƙar ba ta ce shi ne babba ba.

Shirun kuwa, ke da kanki kin ba da amsarsa ba ki sani ba. Kin ce kun zaci ya manta baiti. Wace kalma ya faɗa kafin ya yi shiru? "Na manta." Ya sa ɗaki guda ya gaskata ya manta, alhali yana sane, kamar yadda ya sa Inna ta gaskata. Ƙaryar da ya yi yana yaro ce ya sake yi a gabanku, kuka kuma karɓa. Bayan haka shirun shi ne tsawon lokacin da zaren ke tafiya, kan sharewa na cin muryar Baba, kuna zaune ba mai iya tsayar da shi. Wannan takarda ba ta iya ɗaukarsa.

Saura ko waƙa ce. Slam a Shikago ta Amurka aka fara shi. Wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ne ya kafa gasarsa, tun 1986 a wani wurin shaƙatawa da ake kira Green Mill. Ƙa'idar gasar: waƙar ta zama taka, minti uku, ba kiɗa, ba kayan wasa, ba shiga ta musamman. Ya bi ta Faransa ya iso mana, shi ya sa matasan Yamai da yawa da Faransanci suka fara yinsa. In kin auna shi da rubutacciyar waƙarmu, mai kari irin na aruli da ake rerawa, bai cika mudu ba. Ɗangogin nan wani ya fi wani tsawo. In kin auna shi da waƙar baka ta makaɗa, ba kalangu ba 'yan amshi. Amma wa ya ce mudu biyu kaɗai gare mu? Maroƙin baki ba ya kiɗa ba ya rerawa, magana yake jerawa taro ya yi tsit. Ɗan kokawa in ya shiga fili ya ɗaga hannu ya yi kirari, numfashinsa ne karinsa, kuma a garinku aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, kin taso cikin jin wannan. Slam ya zo ya tarar da 'yan uwa. Bambancin, kirari ɗaga kai ne, "sai ni", wannan kuwa kirari ne a juye, "ni ne", a gaban jama'a. Yana da amsa-amo bibbiyu, yana da kalmomin da ke tafiya su dawo, share, aljihu, yatsan da ya danna ja. Ni ba na shakkar kiranta waƙa.

Ki kuma saurari harshensa. Inda gida yake, bakin Adar ne: tahi, biɗa, muryarshi. Inda na'ura take, kalmomin Faransanci ne da bakinmu ya lanƙwasa: pil, rezo, vokal, memwar. A Faransanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'ajiyar salula da tunawar mutum. Hausa ba ta haɗa su ba, ajiya daban, tuni daban, kuma mawaƙin ya bi Hausa: memwar ya ba salula, kansa ya ba "na manta". Sai a ɗangon kusa da ƙarshe ya sa salular ta yi tambaya da bakin gida, "mi za a share?", kamar wata 'yar uwa ce a tsakar gidan take tambayarsa.

Wannan ba sharhin waƙa ba ne, amma tunda kin ɗauke ta a salula: saƙon da ya riga ya iso ba ya zama a rumbun kamfanin WhatsApp, yana cikin salularki ne, in ta faɗa ruwa ko aka sace ta ba ki yi ajiya a wani wuri ba, ya tafi. Ki kwafe ta wuri biyu, da ita da vokal ɗin tsofaffinki. In kuma akwai tsohuwar kaset a gidanku a Tawa, kada a sa ta a rakodar da ta shekara goma tana shan ƙura, za ta tauna zaren. A nemi mai gyara ya share kawunan tukuna, a kunna sau ɗaya a ɗauka.

Ki aiko min da ɗaukan naki in ji. Ina son in ƙirga daƙiƙa nawa shirun ya yi, in ji ko wani ya yi tafi a cikinsa, in kuma ji yadda ya furta "wancan dare", ko ya ɗaga murya ko ya sauke ta. Ki gaishe min da ƙawar taki.